LAFIYA UWAR JIKI: Bayan An Cire Nono, Kada A Bar Hannu Ya Sandare

Maganar da muka ɗauko yau mai nauyin baki ce, irin wadda a gidajenmu na Briketeri ake yin ta ƙasa-ƙasa a ƙuryar ɗaki, in yaro ya shigo a yi tsit. Saboda haka tun kafin mu yi nisa muna roƙon iyayenmu mata da yayyenmu su yi mana afuwa in sun ga mun kira abu da sunansa. Kunya ado ce, ba mu ja ba. Amma akwai kunyar da ke barin mace da hannu guda alhali Allah Ya ba ta biyu, ita kam ba mu ga adonta ba.

Ciwon dajin nono, wanda wasu ke kira sankarar mama, shi ne dajin da ya fi kowane kama mata a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an gano shi a jikin mata kimanin miliyan 2.3, ya kuma kashe wajen 670,000. A nan Kamaru, ƙiyasin hukumar binciken daji ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ya nuna akan sami sababbin masu ciwon fiye da 4,000 a shekara. Abin da ya fi damun likitocinmu shi ne yawancin matan ba sa isa asibiti sai ciwon ya ci ƙarfinsu, bayan an sha jiƙo, an shafa wannan, an gwada wancan. In ƙullutun yana ƙarami, akan iya cire shi kaɗai a bar nonon. In ya girma kuwa, sai an cire nonon ɗungurungum, a kuma shiga hammata a kwashe kaluluwar da ke ciki. Ana yin wannan aiki a nan Yawunde, a manyan asibitoci irin su Hôpital Central da Hôpital Général da asibitin mata da yara na Nguso.

To, an yi aiki, mara lafiya ta farfaɗo, 'yan dubiya sun cika ɗaki da kwanuka, kowa na cewa Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. An sallamo ta, an cire zare, kowa ya ɗauka an gama. Sai bayan wata biyu ko uku a lura Hajiya ba ta iya ɗaura ɗankwalinta sai 'yarta ta ɗaura mata. Ba ta iya sauko da kwano daga saman kabad. In za ta yi kabbara, hannu ɗaya ya ɗagu, ɗayan ya tsaya a hanya. Tana tafe da gwiwar hannu manne da haƙarƙari, kafaɗa ta ranƙwafo gaba kamar mai ɓoye abu a cikin mayafi. In an tambaya sai a ce ai aikin ne. Aikin yana da nasa kaso, wannan gaskiya ne, amma kaso mafi tsoka na zaman da aka bar hannun ya yi ne.

Mu malaman makaranta mun san wannan ko a wajen yara. Ɗalibi ya faɗi a filin ƙwallo ya karye, a ɗaure masa hannu mako shida. Ran da aka kwance, ƙashi ya haɗe sarai, amma gwiwar hannun ba ta miƙewa, sai an yi makonni ana lallaɓa ta. Wannan yaro ne ɗan shekara 10 mai jini a jika, ina ga uwa 'yar shekara 50? Kafaɗa ita ce gaɓar da ta fi kowace yawo a jikin ɗan Adam, tana zuwa gaba da baya da sama da gefe, tana juyawa. Akwai wata jaka ta nama da ta kewaye gaɓar, in aka daina motsa ta sai ta tsuke. Ga kuma tabo. Jiki yana ɗinke rauni ne da wani nama mai tauri, wanda yake ƙanƙancewa yayin da yake warkewa, tamkar ɗanyar fata da aka bari ta bushe a dunƙule. Tabon nan ya ratsa ƙirji har cikin hammata, daidai wurin da ke buɗewa in an ɗaga hannu. In ya warke hannu na manne da jiki, to a tsawon nan zai tsaya. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai batun kaluluwa. Ban da jini, akwai wani ruwa fari-fari da ke bin siraran hanyoyi a cikin jiki yana kwashe datti, kaluluwa kuma su ne matatar da yake bi ta ciki. Kowa ya san su: ka ji ciwo a yatsa, kwana biyu ka ji wani ƙullutu mai zafi a hammata. Akwai kimanin 20 zuwa 40 a kowace hammata. In likita ya kwashe 10 ko fiye, hanyar ruwan hannun ta ragu ke nan. Mu mutanen Ekudu ba sai an yi mana dogon bayani ba a kan abin da ke faruwa in kwata ta toshe a watan Oktoba. Shi wannan ruwa ba shi da zuciyar da ke harba shi kamar jini, motsin tsoka ne ke tura shi gaba. Hannun da aka ajiye ba ya motsi, ruwansa kwanciya yake yi.

Su kansu likitocin Turawa sun daɗe kafin su gane wannan. A ƙarshen ƙarni na 19 wani likitan Amurka, William Halsted, ya yaɗa aikin da ake cire nono da tsokar ƙirji da kaluluwa duka a lokaci guda, ya buga sakamakonsa a 1894. Matan da suka rayu da yawansu sun ƙare da kumburarren hannu da sandararriyar kafaɗa. A 1948 David Patey na Landan ya nuna ana iya barin babbar tsokar ƙirji a wurinta, kuma irin aikin da ake yi yau daga can ya samo asali. A 1952 wata mata a Niyok, Terese Lasser, da aka yi wa aikin aka sallame ta ba wanda ya gaya mata yadda za ta yi da hannunta, ta fara bin asibitoci da kanta tana koya wa 'yan'uwanta mata motsa hannu, daga nan aka sami ƙungiyar Reach to Recovery. Duk da haka, shekara da shekaru ana ce wa mata kada su ɗauki komai da wannan hannu har abada. Binciken da Kathryn Schmitz ta jagoranta a jami'ar Pensilbaniya, wanda aka buga a 2009 da 2010, shi ya karya wannan tsohuwar doka: matan da suka riƙa ɗaga ƙarfe a hankali, ana ƙara musu nauyi kaɗan-kaɗan, hannunsu bai fi na sauran kumbura ba, waɗanda ma suke da kumburin sai tashinsa ya ragu. A 2021 kuma aka buga wani bincike na Ingila mai suna PROSPER a kan mata 392. Waɗanda aka haɗa da masanin motsa gaɓɓai tun kwana 7 zuwa 10 bayan aiki, da shekara ta zagayo sun fi sauran iya amfani da hannunsu, sun fi su ƙarancin ciwo, kuma raunin bai ɓaci ba saboda motsin.

Yanzu bari mu zo kan yadda ake yi. Amma a riƙe wannan tukuna: likitan da ya yi aikin shi ke da magana ta ƙarshe, don shi ya san abin da ya yanka da abin da ya ɗinka. Wadda aka sake gina wa nono da nama ko da roba, tata dokar daban ce. Kafin a bar asibiti a tambaye shi ƙarara: Likita, yaushe zan fara ɗaga hannu, kuma zuwa ina? Tambayar ba rashin kunya ba ce, kuma ba a biyan ko dala a kanta.

Tun washegarin aiki, in likita bai hana ba, ana farawa da ƙananan abubuwa tana kwance ko tana zaune a bakin gado. Ta ja numfashi mai zurfi ta hanci har ciki ya taso, ta sake shi a hankali ta baki, kamar sau 5. Wannan yana buɗe huhu bayan maganin barci, yana kuma sassauta ƙirji. Ta dunƙule hannu ta buɗe sau 15 zuwa 25. In an ba ta ƙwallon roba mai laushi ko safa da aka naɗe ta riƙa matsawa, ya fi. Ta juya wuyan hannu, ta lanƙwashe gwiwar hannu ta taɓa kafaɗa ta miƙe. Ta ɗaga kafaɗu biyu zuwa kunne, irin yadda yaro ke maƙe kafaɗa in an aike shi ba ya so, ta sauke. Sannan ta juya su baya a hankali, ta matse allunan kafaɗa kamar za su haɗu. In za ta kwanta, a sa matashi ƙarƙashin hannun yadda tafin zai fi gwiwa tudu, gwiwa kuma ta fi kafaɗa. A wannan mako na farko, muddin robar da ke tsane ruwan raunin tana jiki, yawancin likitoci sun fi son kada gwiwar hannu ta wuce tsayin kafaɗa. Dalili kuwa, an gano cewa gaggawar ɗaga hannu sama a kwanakin nan tana ƙara yawan ruwan da raunin ke zubarwa, ta ja a daɗe da robar. Amma ta ci abinci da hannun, ta wanke fuska da shi, ta riƙe carbi da shi. Kada a rataye shi a wuya da ƙyalle kamar na mai karaya.

In an cire robar, wato galibi bayan mako ɗaya zuwa kwana 10, sai a shiga babban aiki, kuma a nan ne ake cin riba ko a yi asara. Wanda ya fi shahara shi ne hawan bango. Ta tsaya tana fuskantar bango, tazarar taku guda, ta ɗora tafukan hannu biyu a kai daidai ƙirji, sai yatsu su riƙa tafiya sama kamar gizo-gizo, har inda ta ji wurin ya ja. A nan ta tsaya ta ƙirga 10 tana numfashi, kada ta riƙe shi, sannan ta sauko a hankali. A sa yaro ya ja layi da alli ko gawayi a inda yatsun suka kai. Mun nace a kan wannan layi don mun san halin ɗan Adam daga aji: wanda ba ya ganin makinsa yana hawa, ba ya daɗewa yana ƙoƙari. Gobe ta wuce layin da faɗin yatsa ɗaya, jibi wataƙila ba ta wuce ba, gata ta wuce da biyu. A fara auna inda lafiyayyen hannun ke kaiwa a ja masa nasa layi can sama, shi ne zangon da aka nufa. In ta gama ta gaba, sai ta juya ta ba bangon gefenta ta hau shi da hannun aikin kaɗai. Wannan ya fi wuya, don shi ke buɗe hammata, kuma shi mata suka fi gudu.

Na biyu da sanda ake yi, muciya mai tsabta ma ta isa. Ta kwanta rigingine a tabarma, ta lanƙwashe gwiwoyi, ta riƙe muciyar da hannu biyu a kan ciki, ta ɗaga ta sama ta nufi bayan kai da ita, lafiyayyen hannu yana jan ɗan'uwansa. Tana kwancen nan kuma sai ta saƙala yatsu a ƙeya, gwiwoyin hannu suna kallon rufi, ta bar su su buɗe gefe-gefe suna neman ƙasa. Ranar farko ba za su kai ko rabi ba. Kada ta damu, akan yi makonni kafin su taɓa tabarma. Wannan shi ke miƙar da tsokar ƙirji da ta ƙanƙance, shi ke mai da kafaɗar da ta ranƙwafo mazauninta. Akwai kuma na baya: ta riƙe ɗankwali ta bayanta, lafiyayyen hannu ta sama, na aikin ta ƙasa, ta riƙa jan sa sama a hankali kamar mai cuɗa baya da soso. Wadda ta ƙware a wannan ita ce za ta iya ɗaura zaninta da ɓalle rigarta ba ta kira kowa ba.

Kowanne a yi sau 5 zuwa 10, sau 3 a yini. Ba sai an sayi agogo ba: bayan asuba, bayan azahar, bayan isha'i. Duka-duka minti 10 ne zuwa 15. Ja da ɗan tsami a wurin ba laifi ba ne, alamar aiki ce. Zafi mai suka kamar wuƙa shi ne iyaka, in an kai nan a dakata, a rage. Kada a fizga, kada a yi lilo da hannun da ƙarfi, kada kuma wata mai ƙarfin hali ta zo ta ce bari in ja miki shi sau ɗaya a huta. In ciwo na hana ta farawa, ta sha maganin da likita ya rubuta kamar rabin sa'a kafin lokacin. A dakatar da motsin a koma asibiti in raunin ya buɗe ko yana zubar da mugunya, in wurin ya yi ja yana zafi ga zazzaɓi, ko in ruwa ya taru a ƙarƙashin fata ya yi tulu yana takura mata. Shi wannan likita kan zuƙe shi da allura cikin 'yan mintoci. Mafi yawan mata da suka dage, cikin mako 4 zuwa 6 hannunsu ya kusa kai layin ɗan'uwansa. In wata guda ya wuce layin bai motsa ba, lokacin neman taimako ya yi.

Ga wani dalili da ya sa ba a jira. Mata da yawa bayan aiki akan tura su gashin haske, wato radiyoterapi, don ƙone ragowar ciwon. An yi shekaru da dama matanmu na nan suna tattaki har Duwala saboda wannan gashi. Shi kuwa ana yin sa ne mace tana kwance, hannu a ɗage bisa kai, ta yi mintoci ba motsi, kullum, makonni a jere. Wadda hannunta bai ɗaguwa ba za a iya saita mata injin ba, sai a ɗage ranar. A duba dai: an haɗa kuɗin mota, an nemi masauki wajen dangi, an je, an ce a koma gida a motsa kafaɗa, ciwon kuma ba ya jiran kowa. Bayan gashin ma ba a dainawa, domin hasken yana ƙara tsuke nama sannu a hankali har watanni bayan an gama. Shi ya sa ake shawartar wadda aka yi wa gashi ta ci gaba da miƙa hannun ko sau ɗaya a yini har shekara biyu, in ta mai da shi ɗabi'ar rayuwa ma ya fi.

Akwai abubuwa biyu da ke firgita mata a banza. Ɗaya, mutuwar fata: bayan damtse da cikin hammata su zama kamar ba a jikinta suke ba, ko ta riƙa jin kamar kiyashi na bi. Wata siririyar jijiyar ji ce da ke ratsa hammata ake taɓawa a wajen aiki. Ga wasu jin yakan dawo cikin watanni, ga wasu ba ya dawowa duka, amma ba shanyewar hannu ba ce. Na biyu, wata igiya mai tauri da kan fito daga hammata ta bi damtse, wani lokaci har wuyan hannu, ana ganin ta kamar tsirkiya in an miƙa hannu. Hanyoyin ruwan nan ne da suka ƙandare. Ba jifa ba ne, ba kuma ciwon ne ya dawo ba. Miƙawa a hankali da tausar wanda ya san aikin suna sake ta, wani sa'in ma a ji ta yi ɗan ƙara ta saki, hannu ya sami sarari.

Wanda ya cancanci a sa masa ido shi ne kumburin hannu. Cikin matan da aka kwashe wa kaluluwar hammata, kimanin 1 cikin 5 takan same shi, yawanci a shekaru biyu na farko, amma yana iya zuwa ko bayan shekara 10. Farkonsa ba ya zuwa da hayaniya: zobe ya matse, hannun riga ya yi ɗamau a gefe ɗaya, hannu ya yi nauyi da yamma ya saɓe da safe. A wannan mataki ana shawo kansa da wata safar hannu ta musamman mai matsewa, da tausa mai laushi, da motsi. In an bar shi ya yi shekara, nama ya yi tauri, sai dai a rage shi. To a nan ne al'adunmu ke yi mana illa. Hannu ya kumbura, sai a kira wanzami ya yi ƙaho ko tsaga, a ce a fid da mataccen jini. Jama'a, babu jinin da ya mutu a ciki. Ruwa ne mai kauri wanda ƙwayoyin cuta ke so, a hannun da aka kwashe masa masu gadi. Kowace tsaga ƙofa ce aka buɗe musu, kuma kowace cuta da ta shiga tana ƙara lalata 'yan hanyoyin da suka rage. Haka nan gashi da tafasasshen ruwa da ganye irin na mai jego: fatar da ba ta ji ba ta san ta ƙone ba sai ta saluɓe. Ruwan ɗumi wanda lafiyayyen hannu ya gwada ya yarda da shi ya wadatar, shi ma sai rauni ya rufe.

'Yan'uwanmu masu tuyar ƙosai da waina da masu soya nama, ku kula da tartsatsin mai, ku sa riga mai dogon hannu. Mai ɗinki ta sa abin kare yatsa. A riƙa shafa man kaɗanya ko wani mai don kada fata ta tsage, a kwana cikin gidan sauro don kada a yi ta susa. In an yanke ko an ƙone, a wanke da sabulu nan take, a sa maganin rauni. In hannun ya yi ja, ya yi zafi, jiki ya ɗauki rawar sanyi, a ranar za a je asibiti, don wannan maganin kashe ƙwayoyin cuta yake so, kuma ba ya son jinkiri. Awarwaro da zobe masu matsewa a mai da su ɗaya hannun. Game da allura da awon jini kuwa, a dā an hana su a wannan hannu ƙwata-ƙwata. Binciken baya-bayan nan bai sami hujja mai ƙarfi ta hanin ba, amma tun da akwai ɗaya hannun, a miƙa shi, a kuma gaya wa ma'aikacin asibiti dalili. Ƙiba ma tana ƙara haɗarin kumburin, saboda haka tafiya a ƙafa, ko daga gida zuwa kasuwar Mokolo ne a dawo, tana cikin magani.

Aikin gida fa? A mako 4 zuwa 6 na farko babu daka, babu tuƙin tuwon gidan mutum 15, babu ɗora bokitin ruwa a ka, babu matsar manyan zannuwa, babu cicciɓar jika mai nauyi. Tsince shinkafa, yanka albasa, ninke kaya, sharar ɗaki a hankali, duk waɗannan motsi ne mai amfani. Bayan haka sai a koma sannu-sannu: yau rabin buta, mako mai zuwa cikakkiya, daga nan ƙaramin bokiti. Abin da ke ta da kumburi shi ne hannun da ya yi wata shida a zaune, ranar biki a ɗora masa tukunyar suna. A gidajenmu kuskure iri biyu muke gani, kowanne yana kiran kansa da suna mai kyau. Akwai gidan da tausayi ya yi yawa, ba a barin ta ta ɗauki ko cokali. Akwai kuma gidan da ranar girkinta na zagayowa ba wanda ya ce ta huta, ita kuma ba za ta buɗe baki ba don kada a ce ta zama rabin mace. Na biyun nan ya fi ƙona mana rai.

Magidanta, yanzu da ku muke. Matar da aka cire wa nono ba ƙirjinta kaɗai aka taɓa ba. Sau da yawa ranƙwafawar nan da manne hannu ba don ciwo ba ne kawai, ɓoyo ne take yi, tana tsoron idon da zai kalle ta da wanda zai kau da kai. Wata tana jiran ranar da za ta ji ana shirin kawo amarya, ko a ce ta je gida ta huta. Mai irin wannan zullumi ba ta da ƙarfin tsayawa gaban bango sau 3 a yini. Malam, ba a ce ka zama likita ba. Ka riƙe allin, ka ja layin da hannunka, ka ce yau an ƙaru. Ka raka ta asibiti ka ji bayanin da kunnenka, musamman in Faransancinta bai kai ba, don bayani da yawa a bakin ƙofar likita yake zubewa. In nauyi ya hana ka, to ka wakilta 'ya ko ƙanwa, kai kuma ka ɗauki nauyin kuɗin mota. Kuma kada mu maza mu ɗauka mun tsira: cikin masu wannan ciwo 100 akan sami namiji kamar 1, aikin iri ɗaya ne, motsin ma haka.

Masanin motsa gaɓɓai shi ne wanda a asibitocinmu ake kira kine. Manyan asibitocin Yawunde suna da sashensu, akwai kuma cibiyar gyaran gaɓɓai ta ƙasa da ke Etug-Ebe, wadda Kadinal Paul-Émile Léger ɗan Kanada ya kafa a farkon shekarun 1970. Mutane sun ɗauka ta guragu ce da masu shanyewar ɓarin jiki kaɗai, alhali sandararriyar kafaɗa ma aikin kine ce. A roƙi likita ya rubuta takardar turawa tun ranar sallama. Wadda ke jin nauyin namiji ya taɓa ta, ta nemi a haɗa ta da mace, akwai mata a wannan sana'a. In aljihu bai kai a yi ta zuwa ba, ko zuwa biyu ko uku ne a yi, a tafi da yarinya mai kaifin ido ta kalla ta riƙe, sauran a ƙarasa a gida. Wata da ta riga ta bi wannan hanya ta warke, in za ta daure ta ziyarci sabuwar mara lafiya ta ɗaga hannunta sama a gabanta, ta yi abin da wannan shafi ba zai iya ba, gani ya kori ji.

Abu na ƙarshe, unguwarmu ba ta rasa tela ba, kowane lungu keke na kuka. A ari tef ɗin awo. Kafin aiki in da hali, ko da zarar an dawo gida, a auna kaurin hannu biyu a wuri huɗu: tafin hannu, wuyan hannu, santimita 10 ƙasa da gwiwa, da santimita 10 sama da ita. A rubuta a bayan katin asibiti tare da kwanan wata. A maimaita sau ɗaya a wata, da safe, a wuraren nan dai, kada a ja tef ɗin ya nutse cikin nama. In hannun aikin ya ɗara ɗan'uwansa da santimita 2 a wuri guda, ko ya ɗara awonsa na watan jiya da haka, a ɗauki katin a kai wa likita cikin makon.